Yadda ake ɗora CoreELEC a akwatin tele na Android ba tare da an lalata shi ba

Ƙananan baƙaƙen akwatunan nan da ake jona wa tele, waɗanda ke jere a shagunan kayan wuta na Babbar Kasuwar Yamai da Wadata, kusan dukansu tafiyarsu ɗaya ce. Watan fari lafiya lau. Daga nan sai nauyi ya fara: ka danna telekomandi ka tsaya jira, talla ta faɗo maka ana tsakiyar kallo, forfen da ka saya da safe ya ƙare kafin la'asar alhali ba abin da ka kalla. Manhajojin da aka cusa masa tun daga masana'anta ba su gogewa, wanda ya ƙera shi kuma ba zai ƙara waiwayarsa ba, balle ya aiko da gyara.

Wani lokaci ma abin ya wuce nauyi. A farkon 2023 wani masanin kwamfuta mai suna Daniel Milisic ya gano cewa akwatin T95 da ya saya sabo fil a Amazon ya zo da muguwar manhaja a cikinsa, tana karɓar umarni daga waje a ɓoye. Kamfanin tsaro na HUMAN ya bi sawun lamarin ya raɗa masa suna BADBOX. A Disamban 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta katse hanyar na'urori kusan 30,000 da suka kamu, a Yunin 2025 kuma FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kai. Akwatin da ya kamu yakan riƙa danna tallace-tallace da kansa, ya kuma ba baƙin da ba ka sani ba aron layinka na intanet. Mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta ba ya magani, tunda daga can cutar ta taso.

Mafita ita ce a ajiye Android ɗin gefe guda, a tayar da akwatin da wata manhaja daban. CoreELEC ɗan ƙaramin Linux ne, wato tsarin tafiyar da na'ura kamar Android, wanda ba shi da aikin yi sai tafiyar da Kodi, manhajar kallo da saurare da ta faro a kan na'urar wasa ta Xbox ta farko da sunan XBMC, aka sauya mata suna a 2014. Shi CoreELEC ɗin ya ɓalle ne daga LibreELEC, wani tsari irinsa, a 2018, don ya maida hankali kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar akwati, na kamfanin Amlogic kaɗai. Duka kyauta ne, ƴan sa kai ke rubuta su, kuma rubutun a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Dalili biyu suka sa nake ganin ya dace da mutanen garin nan. Daga kan katin memwa yake tashi, ba sai an goge komai ba. Sannan ba ya neman intanet kafin ya buɗe maka abin da ke kan kile ko babban faifai, ko da rezo ya ɗauke kwana uku.

Fara sanin abin da ke cikin akwatin

Nan ne aikin yake, sauran duk sauƙi ne. Sunan da ke kan kwali ba ya gaya maka komai. Akwati biyu za su zo da suna ɗaya, MXQ Pro 4K misali, launi ɗaya, telekomandi ɗaya, amma ɗaya Amlogic ne a ciki, ɗayan Rockchip ko Allwinner. Haka adadin RAM, memwar da akwati ke aiki da ita: an sha rubuta giga 8 ko 16 a kan kwali alhali abin da ke ciki giga 1 ne ko 2. Mai shago ba lallai ne yaudararka yake ba, shi ma abin da ke kan kwalin ya karanta.

Gwajin fari shi ne ka saka manhaja irin AIDA64 ko Device Info HW a kan Android ɗin, ka duba sunan firosesa da girman RAM. Sai dai masu ƙera na jabu sun iya sa akwati ya yi wa waɗannan manhajoji ƙarya. Abin da ba ya ƙarya shi ne buɗe akwatin. Cire shi daga wuta, juya shi, ɓamɓare ƴan robobin da yake tsayawa a kansu. Sau da yawa ƙusoshin murɗi suna ƙarƙashinsu, in babu kuwa murfin maƙale yake, tsohon katin banki ko na caji zai ɗaga shi a hankali. A tsakiyar koren allon da ke ciki akwai baƙin murabba'i mafi girma, shi ne firosesa, sunansa na rubuce a bayansa da ƙananan haruffa. Haska shi da fitilar salula ta gefe, ba ta sama ba, rubutun zai fito. In an manna masa ƙarfen sanyaya da gam mai ƙarfi, kada ka ɓalle shi da tsiya. Duba rubutun da ke jikin allon kansa, ka nemi lambar a intanet. Tun da ka riga ka buɗe, ɗauki hoton allon gaba da baya ka ajiye. Ranar da za ka nemi asalin manhajar akwatin, wannan hoton ne zai fishe ka.

In ka ga Amlogic, ka yi sa'a. S905W shi ne ke cikin yawancin X96 Mini da TX3 Mini. Yana buɗe bidiyo samfurin H.265 sumul, amma 4K ɗinsa ba ya wuce hoto 30 a daƙiƙa. S905X ya ɗan fi shi. S905X2 da S905X3, irin na X96 Max da X96 Max Plus, su ne suka fi daɗin aiki a wannan harka. S905X4 da S905W2 sababbi ne, suna buɗe har bidiyo samfurin AV1. A kula da kyau: S905W da S905W2 ba abu ɗaya ba ne, ba ma gida ɗaya suka fito ba, fayil ɗin wancan ba ya tayar da wannan. Tsofaffi irin S905 zalla da S912 an bar su a tsohon jerin CoreELEC 9.2, suna aiki amma da tsohon Kodi.

In Rockchip ka gani, kamar RK3229 ko RK3318, ko Allwinner irin H313 da H616 na X96Q da T95, to CoreELEC ba naka ba ne. Akwai LibreELEC da Armbian ga wasunsu, amma hanyar daban ce kuma ta fi wahala. Su kuwa Fire TV Stick na Amazon, Chromecast, Mi Box S, Apple TV da Roku, an kulle ƙofar tashinsu da sa hannun kamfani, dabarar da ke ƙasa ba ta buɗe su. A kan waɗanda ke tafiya da Android daga cikinsu, iyakarka ka saka Kodi a matsayin manhaja kamar kowace. Dikodar Canal+ da risiban tauraron ɗan adam ba su cikin wannan magana sam, kada wani ya karɓi kuɗinka a kansu.

Kayan aiki da rubuta katin

Kana buƙatar katin memwa microSD na giga 8 ko sama, abin karanta kati, kwamfuta, tsinken sakace, da linzamin kwamfuta ko allon rubutu mai USB ko da na aro ne. Kile ma yana yi a madadin kati, amma zai cinye maka rami ɗaya daga cikin ramukan USB da akwatin ke da su. Katin ya zama na kirki. Rabin matsalolin da ake ɗora wa CoreELEC daga katin jabu suke, wanda aka rubuta masa giga 64 alhali takwas gare shi. In kana shakka, ƴar manhajar H2testw a Windows tana cika katin ta karanta shi, ta faɗa maka gaskiyar girmansa.

Shiga coreelec.org, sashen saukewa. Akwai mataimaki da zai tambaye ka irin firosesa da girman RAM, ya ba ka abu biyu: fayil ɗin da za ka sauke, da sunan wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da .dtb. Rubuta wannan sunan a takarda. Zaɓi na sabon ɗorawa, mai ƙarewa da .img.gz, ba na sabuntawa mai .tar ba, kuma ka ɗauki tsayayyen fitowa, ka bar na gwaji da ake fitarwa kowane dare ga masu neman ciwon kai. Girmansa megabait ɗari biyu ne zuwa ɗari uku, forfen dare ya ishe shi.

Ba kwafa fayil ɗin ake yi a kan kati kamar waƙa ba, rubuta shi ake yi da manhaja ta musamman. Rufus a Windows, ko balenaEtcher a kowace kwamfuta. Zaɓi fayil, zaɓi kati, duba sau biyu cewa katin ka zaɓa ba faifan da hotunan bikin gidanku suke ba, sannan ka danna. Duk abin da ke kan katin zai tafi. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya yi da salular Android mai karɓar OTG, wato mai yarda a jona mata kayan USB, ta manhajar EtchDroid, amma sai ya fara warware fayil ɗin ya koma .img zalla.

Da an gama, zare katin ka mayar. Windows za ta nuna ɓangare mai suna COREELEC, wataƙila kuma ta fito da saƙo tana neman ka goge wani ɓangaren da ba ta gane ba. Ka ƙi. Ɓangaren Linux ne, lafiyarsa lau, Windows ce ba ta iya karanta shi.

Yanzu ga matakin da aka fi tsallakewa. Buɗe COREELEC, shiga dosiyen device_trees, nemo sunan da ka rubuta a takarda. Wannan fayil shi ke gaya wa Linux yadda aka jera kayan cikin akwatinka: RAM nawa, ina ramin intanet, wane irin Wi-Fi. Mai X96 Mini na giga 1 zai ɗauki gxl_p281_1g.dtb, mai giga 2 ya ɗauki gxl_p281_2g.dtb. Mai S905X ya duba masu farawa da gxl_p212, mai S905X3 kuma masu farawa da sm1_s905x3. Waɗanda ke da 1gbit a ƙarshe na akwatunan da ramin kebul ɗinsu mai saurin gigabit ne. Kwafa shi, fito daga dosiyen, manna shi a farfajiyar katin, wato waje ɗaya da sauran fayilolin farko, sannan ka sauya masa suna ya koma dtb.img daidai, da ƙananan haruffa. Tarkon da ke nan shi ne Windows tana ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai ka ga dtb.img a ido alhali ainihin sunan dtb.img.dtb ne. Buɗe zaɓin nuna wutsiyar suna kafin ka sauya. Fitar da katin ta hanyar da ta dace, kada ka fizge shi.

Tsinken sakace

Cire wayar wuta daga jikin akwatin. Saka katin, jona HDMI, kunna tele. A yawancin waɗannan akwatuna akwai ɗan maɓalli ɓoye can ƙuryar ramin da aka rubuta wa AV. Wasu kuma ramin nasu daban ne a ƙasa ko a gefe. Zura tsinken a hankali har ka ji ya yi ƙas. Tsinke na itace, ba allura ko waya ba, don ƙarfe na iya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Riƙe shi danne, ka mayar da wayar wuta da ɗaya hannun, ko ka sa yaro ya jona maka. Kada ka saki sai tambarin CoreELEC ya bayyana, abin da ba ya wuce daƙiƙa goma zuwa ashirin.

A tashin farko zai faɗaɗa ɓangaren ajiya ya cika katin, ya sake tashi da kansa. Bar shi. Kuma kada ka fara wannan aiki a lokacin da ka san unguwarku ta saba rasa wuta. In kana da batir na sola ko ondilar, jona a can.

In Android ne ya taso kamar kullum, ko dai ka saki tsinken da wuri ko bai taɓa maɓallin ba. Sake. In menun gyara na Android ya fito, mai rubutu a kan baƙin fili, akwatin ya ji maɓallin amma bai ga katin ba. Gwada wani katin, ko kile a ɗaya ramin USB ɗin. In ya tsaya cak a kan tambari, ko tele ta yi baƙi ta zauna, kusan kullum dtb ne ba daidai ba. Ba abin da ya lalace. Zare katin, koma kwamfuta, ɗauki na kusa da shi, musamman na RAM ƙasa da wanda ka zata. Da yawa a nan ne suke gano cewa giga 4 ɗin da suka biya kuɗinsa giga 2 ne. Akwatin da ba shi da maɓalli sam, a saka masa manhajar Terminal a Android a rubuta reboot update, katin na ciki.

Sau ɗaya ake wahalar tsinke. Abin da kawai ya sauya a cikin akwatin shi ne umarnin tashi: daga yau zai fara leƙa kati, in ya ga CoreELEC ya tashi da shi, in babu ya koma Android ɗinsa yadda ka bar shi. Saboda haka in mai gida ko uwargida ba su ji daɗin sabon tsarin ba, zare kati kawai za a yi.

Saitin farko

Mataimaki zai fito da Turanci. Mai yiwuwa telekomandinka ba ya aiki tukuna, shi ya sa na ce a tanadi linzami. Zai tambayi sunan akwatin, sai intanet. In ya jero maka sunayen Wi-Fi na maƙwabta, to ya gane na'urar Wi-Fi ɗinka. In fili ne fayau, wataƙila naka na cikin waɗanda Linux bai san su ba. Kebul daga ruta ko ɗan Wi-Fi na USB zai maye gurbinsa. Mai raba intanet daga salula ya tuna cewa ƙananan akwatuna irin X96 Mini 2.4 GHz kaɗai suke gani, sai ya sa salular a kan wannan. Kunna Samba, don ka riƙa tura fayil daga kwamfuta. SSH kuwa, hanyar ba akwatin umarni a rubuce daga kwamfuta, kada ka kunna sai kana da aiki da shi. Sunan shiga root ne, kalmar sirri coreelec, kuma duk duniya ta san haka, don haka in ka kunna ka sauya ta nan take.

Ko ba ka da niyyar amfani da intanet, jona shi a wannan rana ta farko. Faransanci sai an sauke shi: alamar saiti, Interface, Regional, Language. A nan kuma za ka sa ƙasa Nijar da agogon Yamai. Akwatin ba shi da batirin agogo, in ya tashi ba intanet kwanan wata zai koma baya. Wannan ba ya hana kallon abin da ke kan faifai, amma yana hana ƙarin manhajoji haɗuwa da intanet har sai agogon ya daidaita. Mai allon rubutu na Faransa ya sauya tsarin haruffa zuwa AZERTY a saitin CoreELEC, in ba haka ba kalmar sirrin Wi-Fi za ta yi ta ƙi shiga, bai san dalili ba.

Don tsimin forfe, shiga saitin CoreELEC ka mayar da sabuntawa ta zama sai ka nema, haka ma sabunta ƙarin manhajojin Kodi. Sannan lokacin da kake nuna masa dosiyen finafinai, zai tambaye ka mene ne a ciki. In ka ce finafinai ne, zai shiga intanet neman hoton kowane da tarihinsa. Ga finafinan Hausa, faifan wa'azi, bidiyon biki da na kokowar takobi, yawanci ba zai samu komai ba, ko ya liƙa musu hoton wani fim na Indiya. Bar wajen ba komai, ka riƙa shiga ta jerin fayiloli. Ni dai na fi son haka: dosiye na tafsiri, na yara, na finafinai, kowane da sunansa a fili.

Maganar telekomandi hanya uku ce. Mafi sauƙi, in tele ɗinka tana da HDMI-CEC, tsarin aika umarni ta wayar HDMI, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG kuma SimpLink, kunna shi, telekomandin tele zai tafiyar da Kodi. Ta biyu, manhajar Kore a salula, wadda masu Kodi suka yi da kansu. Tana buƙatar salula da akwati su kasance a kan Wi-Fi ɗaya, kuma ka ba da izinin sarrafawa daga nesa a sashen Services. Ta uku ita ce farfaɗo da na asali: nemo fayil remote.conf na irin akwatinka a ma'ajiyar telekomandi ta CoreELEC, ajiye shi a farfajiyar katin kusa da dtb.img, sake tayarwa. In wasu maɓallai sun yi wasu sun ƙi, fayil ɗin na wani telekomandi ne mai kama da naka. Wasu akwatunan in ka kashe su ɗungum ba su tashi da telekomandi, sai an zare wuta an mayar. Ba lalacewa ba ce.

A sashen nuni, daidaita girman hoto da na tele ɗinka. In tele ba 4K ba ce, bar shi a 1080p ko 720p, akwatin zai fi sanyi. A saitin kunna bidiyo akwai zaɓin daidaita saurin tele da na fim. Sa shi a kan farawa da tsayawa, shi ke kawar da ɗan tsalle-tsallen da ake gani in kamara na juyawa. Gidan da ke da yara, akwai makulli mai lamba a sashen Interface da za a iya sa wa dosiye ko saiti.

Zafi, wuta da faifai

Ba a ƙera waɗannan akwatuna da watan Afrilu da Mayu na Yamai a rai ba, lokacin da inuwa ma ke wuce digiri 40. Robar rufe take ruf, ƙarfen sanyayar ciki kuma wani lokaci ɗan falle ne. Kodi yana nuna zafin firosesa a sashen bayanin na'ura. In ka ga yana wuce 80 a kai a kai, hoto zai fara tsinkewa don firosesan yana rage gudu ya ceci kansa. Sauke akwatin daga bayan tele ko saman dikoda, ɗaga shi a kan murafun kwalba huɗu iska ta ratsa ƙasansa, in ka iya ka huda murfin da ƴan ramuka bayan ka cire allon. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Buɗe shi ka kakkaɓe da busasshen burushi.

Cajar da ke zuwa da akwatin, mai volt 5 da amfiya 2, ita ce ta fi saurin gajiya. Alamarta akwati ya riƙa mutuwa yana tashi da kansa, ko babban faifai na USB ya riƙa ƙas-ƙas ba ya buɗewa. Kafin ka zargi manhaja, sauya caja, amma volt 5 dai, kada wani ya ba ka ta 12 don bakinta ya shiga. Faifai mai cin wuta a ba shi mahaɗar USB mai tata cajar. Daɗin abin shi ne akwatin bai kai wat 10 ba, ƙaramin sola na ɗaukarsa tare da tele, ko a gida ko a fada.

Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu kan kati na iya ɓata shi. Saba da kashewa ta menu, kuma da ka gama saiti yadda kake so, shiga saitin CoreELEC ka yi ajiyar kwafi, ka kwashe fayil ɗin zuwa kile. In kati ya mutu, rubuta sabo, mayar da ajiyar, ka koma inda kake cikin ƴan mintuna. Faifan da za ka zuba finafinai ya zama exFAT ko NTFS, don FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce giga 4.

Abin da ba za ka samu ba

Manhajojin Android ba su aiki a nan: ba Play Store, ba TikTok. YouTube na da ƙarin manhaja a ma'ajiyar Kodi, amma sai ka samo makullan sirri daga asusunka na Google, aikin da ke son haƙuri. Netflix da ire-irensa suna dogara da kariyar Widevine mai hana kwafar bidiyo, kuma ba za ka samu hoto mai kyan gaske ba, ko da yake akwatunan arha dama ba su taɓa samun wannan lasisin ba. Akwai PVR IPTV Simple Client ga wanda ke da jerin tashoshi na halal daga mai ba shi hidima. Su kuwa tarin manhajojin da ake tallatawa cewa za su buɗe maka duk ƙwallon Turai kyauta, ba masu Kodi suka yi su ba. Yau suna aiki gobe sun mutu, kuma kana ba baƙon rubutu izinin yin abin da ya ga dama a cikin akwatin, abin da muka gudo daga gare shi tun farko.

Maida shi ciki ɗungum

Za ka ji ana cewa a kwashe CoreELEC daga kati a zuba a ma'ajiyar cikin akwatin don ya fi sauri. Gaskiya ne yana ɗan fin sauri. Ana yi ta SSH da umarnin ceemmc -x, wanda zai ba ka zaɓin zama tare da Android ko share shi gaba ɗaya. Amma sai ma'ajiyar ta zama irin wadda ake kira eMMC. Akwatunan arha da yawa tsohuwar ma'ajiya irin ta NAND gare su, wadda wannan umarni ba ya aiki da ita. Kuma nan ne kaɗai a duk wannan aiki ake iya lalata akwati da gaske, in wuta ta ɗauke ana tsaka da rubutu.

Kada ka taɓa wannan sai ka yi makonni kana aiki daga kati ba matsala, sannan kana riƙe da abu uku: asalin manhajar da ta dace da lambar allonka, ba sunan kwali ba, manhajar Amlogic USB Burning Tool a kwamfutar Windows, da kebul na USB mai kai namiji gaba da baya. Da su ne ake mayar da Android in abu ya ɓaci, ta danne maɓallin nan na cikin AV a jona akwatin da kwamfuta. Manhajar da ba ta allonka ba tana iya tayar da akwatin amma Wi-Fi ko telekomandi su mutu. In ɗaya daga cikin ukun nan ya gagara samuwa, sayi kati mai alamar A1, ka bar CoreELEC a kansa.